Shekara Takwas a Springfield: Me Obama Ya Tsinana Yana Sanatan Jiha?

Ranar 10 ga Fabrairun 2007, cikin sanyi mai daskarar da ruwa, Barack Obama ya tsaya gaban tsohon ginin majalisar jihar Illinois da ke garin Springfield ya shelanta cewa yana neman shugabancin Amurka. A lokacin shekararsa biyu kacal a Majalisar Dattawan tarayya. Don haka duk mai son sanin ko mutumin ya iya aikin doka bayan iya jawabi, sai ya koma baya ya tona shekara takwas ɗin da ya yi yana sanatan jiha, daga Janairun 1997 zuwa Nuwamban 2004. 'Yan jarida sun tona, abokan hamayya ma sun tona, kowa kuma ya samo abin da ya je nema. Masoya suka fito da gwanin sasanci wanda ya shawo kan 'yan sanda suka amince da dokar da a da ba sa son jin sunanta. Masu suka suka fito da mutumin da ya ƙi cewa e ko a'a har sau 129. Dukansu daga kundi ɗaya suka karanto, abin da suka tsallake shi ne tambayar da ya kamata a fara yi wa tarihin kowane ɗan majalisa: a shekarun da ake magana, wa ke riƙe da majalisar?

Muƙamin kansa yana bukatar bayani, domin a Najeriya ba a san shi ba. Tsarin mulkin 1979 ya kwaikwayi na Amurka a sama, da Majalisar Dattawa da ta Wakilai, amma ya bar kowace jiha da majalisa ɗaya. A Amurka jihohi 49 cikin 50 majalisa biyu gare su, Nebraska ce kaɗai mai ɗaya. A Illinois akwai sanatoci 59 da wakilai 118. Sanatan jiha yana wakiltar mutanen da ba su wuce dubu ɗari biyu da 'yan kai ba, majalisar ba ta zama duk shekara, kuma da yawa daga cikin sanatocin suna da wata sana'ar. Obama yana koyar da dokar tsarin mulki a Jami'ar Shikago, yana kuma taɓa aikin lauya, sai ya tuƙa mota wajen kilomita 320 zuwa Springfield idan ana zama. Kujera ce mara armashi, wadda yawancin masu zaɓe ba za su iya kawo sunan mai ita ba. Amma a nan ake yanke abubuwan da suka fi taɓa talaka kai tsaye: kuɗin makarantu, dokokin laifuka, tallafin lafiya, iyakar ikon ɗan sanda.

Yadda ya shiga majalisar bai yi kama da hoton da duniya ta san shi da shi daga baya ba. Kujerar mazaɓa ta 13, a kudancin Shikago, ta wata mata ce mai suna Alice Palmer, 'yar gwagwarmaya da ake girmamawa a yankin. A 1995 kujerar majalisar tarayya ta yankin ta faɗo bayan mai riƙe da ita, Mel Reynolds, ya yi murabus, Palmer ta tafi neman ta, ta kuma nuna Obama a matsayin wanda take so ya gaje ta. Sai ta sha kaye a zaɓen fid da gwani a hannun Jesse Jackson ƙarami, ta juyo tana son kujerarta. Dattawan yankin suka nemi saurayin ya janye, ya ƙi. A Illinois kafin sunan ɗan takara ya hau takardar zaɓe sai ya tara sa hannun masu rajista a mazaɓar, a wannan takarar ana bukatar 757. Mutanen Palmer sun tara 1,580 cikin gaggawa. Mutanen Obama suka zauna suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna ƙalubalanta: wannan ba shi da rajista, wancan ba ɗan mazaɓar ba ne, wannan takardar wanda ya zagaya da ita bai cancanta ba. Abin da ya tsira bai kai adadin ba, Palmer ta janye. Sauran 'yan takara uku ma da wannan sandar aka kore su. Obama ya shiga zaɓen fid da gwani shi kaɗai, a mazaɓar da samun tikitin Dimokurat daidai yake da cin zaɓe.

Bai karya doka ba, kuma a siyasar Shikago wannan dabara tsohuwa ce. Sai dai wanda ya yi ta shi ne mutumin da a 1992 ya jagoranci aikin yi wa baƙaƙen fata kusan 150,000 rajistar zaɓe, yana wa'azin a buɗe wa kowa ƙofa. Wasu sanatoci baƙaƙen fata daga Shikago, musamman Rickey Hendon da Donne Trotter, sun tarbe shi da wannan ƙullin a zuciya. Suka ɗauke shi ɗan boko mai ji da kai, wanda ya tashi a Hawai ya yi karatu a Harvard, ya zo zai koya musu wahalar da su suka girma a cikinta. Sun sha yi masa shaguɓe a fili.

Matsalarsa ta gaske ba su ba ce. Tun 1993 jam'iyyar Rifablikan ke da rinjaye a zauren, shugaban zauren kuma James Philip, wanda aka fi sani da Pate, tsohon sojan ruwa ne daga unguwannin masu hali na wajen Shikago, ba ya ɓoye ƙyamarsa ga birnin da bukatunsa. A majalisar Illinois shugaba ne ke riƙe da kwamitin da ke tantance ƙudurin da zai je gaba da wanda za a binne. Ƙudurin ɗan adawa yana iya kwana a aljihun tebur har zangon ya ƙare ba a ko karanta shi a kwamiti ba. Haka Obama ya yi shekara shida cikin takwas. Ana yawan ambata cewa sunansa yana kan ƙudurori sama da 800, amma wannan lissafi bai faɗi komai ba: sa suna a ƙudurin wani aikin minti ɗaya ne, gabatar da wanda ka san ba zai wuce ba kuma sanarwa ce ga 'yan mazaɓa. Ya gabatar da gyaran tsarin mulkin jiha da zai mai da kula da lafiya haƙƙin kowa, bai je ko'ina ba, kuma shi ma ya san ba zai je ba.

Abin da ya samu a waɗannan shekaru ya same shi ne ta hanyar raɓar masu rinjaye. A 1997, lokacin da jihar ke tsara yadda za ta aiwatar da sabuwar dokar tarayya da ta tilasta wa masu karɓar tallafin gwamnati neman aiki, ya zauna da 'yan Rifablikan ya yi ta ciniki a kan kuɗin renon yara da makamantansu, duk da ba ya son ainihin dokar. A 2000 yana cikin waɗanda suka samar da rangwamen haraji na jiha ga ma'aikata masu ƙaramin albashi. An sa shi a kashi 5 cikin ɗari na wanda gwamnatin tarayya ke bayarwa, kuma na shekara uku kawai. Kuɗi ne kaɗan, amma da babu gara ba daɗi, kuma da zarar abu ya shiga littafin doka faɗaɗa shi ya fi ƙirƙirarsa sauƙi.

Mafi girma a wannan zangon ita ce dokar ɗa'a ta 1998. Kafin ta, ɗan siyasa a Illinois yana iya ɗibar kuɗin yaƙin neman zaɓe ya sayi mota ko ya biya wa ɗansa kuɗin makaranta, muddin ya biya haraji a kai. 'Yan kamun ƙafa na kamfanoni kuma suna yi wa 'yan majalisa kyauta son ransu. Tsohon sanatan tarayya Paul Simon ya haɗa wani ƙaramin kwamiti na mutum huɗu, ɗaya daga kowane ɓangare na majalisun biyu, shugaban marasa rinjaye Emil Jones kuma ya tura Obama. Wannan ba karramawa ba ce zalla. Aiki ne na shiga ɗaki ka gaya wa abokan aikinka za a toshe musu hanyar samu, kuma sabon shiga wanda dama ana yi masa kallon mai tsarkake kai shi ya fi dacewa ya sha zagin. Shi da Kirk Dillard na Rifablikan suka kai ta gaci: aka hana yawancin kyaututtuka, aka hana cin kuɗin kamfe, aka wajabta bayyana masu ba da gudummawa ta kwamfuta yadda ɗan jarida zai iya bincika. Farashin da aka biya shi ne an bar wa tsofaffin 'yan majalisa damar cin abin da suka riga suka tara kafin dokar, kuma ba a sa iyaka ga yawan kuɗin da mutum ko kamfani zai iya bai wa ɗan takara ba. Wannan iyakar sai bayan shekara goma ta zo. Idan ana son auna ƙarfin irin wannan doka, a tuna cewa gwamnoni biyun da suka biyo bayanta, George Ryan da Rod Blagojevich, dukansu sun ƙare a gidan yari saboda rashawa. Na biyun ma cikin laifinsa har da yunƙurin sayar da kujerar tarayya da Obama ya bari a 2008.

Akwai wani ɓangaren aikin da ba ya shiga kundi. Da daddare a Springfield yana zama teburin karta da sanatoci fararen fata irin su Terry Link da Denny Jacobs da Larry Walsh, mutanen ƙananan garuruwa da ba abin da ya haɗa mazaɓunsu da kudancin Shikago. Ya koyi wasan golf saboda a can ake ƙulla magana. Abokan kartar sun ce ɗan wasa ne mai taka-tsantsan, ba ya zuba kuɗi sai yana da hannu mai kyau. Waɗannan mutane su suka buɗe masa ƙofofin ƙauyukan jihar a 2004.

Sau ɗaya ya zuba kuɗi ba da hannu mai kyau ba. A 2000, gajiya da zaman marasa rinjaye ta sa ya ƙalubalanci Bobby Rush, ɗan majalisar tarayya kuma tsohon jigon Black Panther, ƙungiyar gwagwarmayar baƙaƙen fata, a Illinois. Ana cikin kamfe aka harbe ɗan Rush har lahira, tausayin jama'a ya koma kansa. Sannan a ƙarshen Disambar 1999 gwamna ya kira zaman gaggawa a kan wata dokar taƙaita bindiga, Obama yana Hawai wurin kakarsa, 'yarsa ƙarama ba ta da lafiya, bai dawo ba. Ƙudurin ya faɗi. Ƙuri'arsa ita kaɗai ba za ta cece shi ba, amma wa zai tsaya lissafi? Jaridu suka yi masa ca. Shugaba Bill Clinton ya goyi bayan Rush. Sakamako: kashi 61 da kashi 30. Ya koma Springfield da bashi a wuya, mutane da yawa suna ganin nan ne iyakarsa.

Abin da ya juya lamarin ba hazaƙarsa ba ce, hula ce. Bayan kowace ƙidayar jama'a ana sake shata iyakokin mazaɓu. Tsarin mulkin Illinois na 1970 ya ce idan majalisa ta kasa, a kafa kwamitin mutum takwas, huɗu daga kowace jam'iyya. Idan su ma suka cije, a rubuta suna biyu a zaro ɗaya da ka, wanda aka zaro shi ne na tara mai raba gardama. Waɗanda suka rubuta wannan sun zaci tsoron caca zai tilasta wa jam'iyyun sulhu. Ashe ba su san 'yan siyasa ba: a 1981 da 1991 da 2001 duk sai da aka kai ga zaren. A 1991 Rifablikan suka ci, suka zana taswirar da ta ba su majalisar shekara goma. A 2001 aka zaro sunan ɗan Dimokurat daga cikin wata doguwar hula irin ta Abraham Lincoln. Sabuwar taswira ta ba Dimokurat rinjaye a zaɓen 2002, Emil Jones ya zama shugaban majalisa, Blagojevich ya zama gwamna. Ita ma mazaɓar Obama aka ja ta ta bi bakin tafki zuwa tsakiyar birni, ta haɗiye wasu unguwannin attajirai. Har yanzu baƙaƙen fata ne suka fi yawa a cikinta, amma yanzu akwai masu rubuta manyan cakuna.

Jones ɗan tsohuwar siyasar Shikago ne, wanda ya taɓa aikin duba magudanan ruwa na birni, ya hau tsani mataki-mataki. Ya san Obama tun shekarun 1980, lokacin Obama yana matashi mai haɗa kan jama'ar unguwa yana kawo koke. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin yadda Obama ya same shi a farkon 2003 ya ce masa yanzu yana da ikon da zai iya naɗa sanatan tarayya, da Jones ya tambaye shi ko yana da wani a zuciya, sai Obama ya ce shi kansa. Jones ya karɓa. Ya ba shi shugabancin kwamitin lafiya da jin daɗin jama'a, ya kuma riƙa miƙa masa ƙudurori masu farin jini, har da waɗanda wasu suka shekara suna dakonsu a zamanin Philip. Hendon, wanda ya daɗe yana fafutukar dokar hana 'yan sanda tsangwamar baƙaƙen fata a kan hanya, ya fito ya koka da cewa su suka yi wahalar, wani ya ɗauki yabon. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙorafinsa yana da tushe, kuma duk mai karanta jerin dokokin Obama na 2003 da 2004 ya kamata ya riƙe shi a zuciya. A cikin wata ashirin da 'yan kai aka faɗaɗa inshorar lafiya ta jiha ga dubban yara da iyayensu, aka mai da rangwamen harajin nan na dindindin har wanda albashinsa bai kai na biyan haraji ba ya karɓi kuɗi a hannu, aka haramta sayar da wani maganin ƙara kuzari da rage ƙiba mai suna ephedra bayan ya kashe wani ɗan makaranta mai shekara 16, Illinois ce jiha ta farko da ta yi haka. Aka kuma zartar da dokar da ta wajabta wa ɗan sanda rubuta launin fatar duk direban da ya tsayar, da dalilin tsayarwar, da ko ya caje motar, a tattara alƙaluman a wallafa. Mutumin bai sauya tsakanin 2002 da 2003 ba. Mai riƙe da guduma ne ya sauya.

To ina nasa hannun? Inda za a gan shi sarai shi ne dokar ɗaukar tambayoyin 'yan sanda a faifai, domin wannan ubangida ba zai iya ba da ita kyauta ba.

Illinois ta shiga shekarun 2000 da babban abin kunya. Daga 1977, lokacin da aka dawo da hukuncin kisa, zuwa Janairun 2000, jihar ta kashe mutum 12, ta kuma saki 13 da aka yanke wa kisa bayan an gano an zalunce su. Ɗaya daga cikinsu, Anthony Porter, saura kwana biyu a kashe shi aka dakatar, daga baya binciken ɗaliban aikin jarida na Jami'ar Northwestern ya kai ga sakinsa. A ofishin 'yan sanda na kudancin Shikago kuma, wani kwamanda mai suna Jon Burge da yaransa sun shafe kusan shekara ashirin suna azabtar da baƙaƙen fata sama da ɗari, da wutar lantarki da toshe numfashi da leda, har su amsa laifi. Gwamna Ryan, ɗan Rifablikan da ya hau mulki yana goyon bayan hukuncin kisa, ya dakatar da zartarwa a 2000, sannan a kwanakinsa na ƙarshe a Janairun 2003 ya sassauta wa mutum 167. Jigon matsalar shi ne takardar amsa laifi. A kotu, wanda ake tuhuma ya ce duka aka yi masa, ɗan sanda ya ce da bakinsa ya faɗa, ba shaida sai su biyu, alƙali kuma ya san wanda zai gaskata. Wasu ofisoshin suna ɗaukar bidiyo, amma na ƙarshen zancen kawai, bayan an kwana ana gasa mutum ya haddace abin da zai ce. Gyaran da ake nema shi ne a ɗauki zaman gaba ɗaya, tun daga tambayar farko.

An sha kawo wannan ƙuduri yana mutuwa. Ƙungiyoyin 'yan sanda ba sa so, masu gabatar da ƙara ba sa so, sabon gwamnan ma, duk da ɗan Dimokurat ne, ya nuna ba ya so. 'Yan majalisa na jam'iyyun biyu suna tsoron a ce sun fifita mai kisa a kan ɗan sanda. Rinjayen Jones ba zai wadatar ba, domin 'yan Dimokurat na ƙauyuka ba za su bi ba.

Obama bai tunkari abin ta hanyar tona asirin 'yan sanda a zauren majalisa ba, ko da yake hujjar tana nan jibge. Ya tara su a ɗaki, su da masu gabatar da ƙara da lauyoyin kare waɗanda ake tuhuma, aka yi ta zama, yana tambayar kowa takamaiman abin da yake tsoro. Suka ce ƙananan garuruwa ba su da kuɗin kayan aiki: aka yarda ɗaukar murya ma ta wadatar, aka ba da shekara biyu kafin dokar ta fara aiki. Suka ce ba za a iya yi wa kowane laifi ba: aka taƙaita ga shari'ar kisan kai. Suka ce idan na'ura ta lalace fa, ko mutum ya ce ba zai yi magana ba sai an kashe ta, ko ya furta laifinsa a cikin mota kafin a isa ofis? Aka rubuta wa kowanne togaciya. Mafi muhimmanci, ba a ce duk furucin da ba a ɗauka ba ya zama banza kai tsaye ba. An ce kotu za ta fara da ɗaukarsa a matsayin wanda ba a karɓa, sai mai gabatar da ƙara ya nuna cewa da son rai aka yi shi kuma abin dogaro ne. Wato nauyin kawo hujja ya tashi daga kan wanda ake tuhuma ya koma kan hukuma. Ya kuma riƙa nuna musu ribar da ke ciki gare su: faifai yana kare ɗan sanda mai gaskiya daga ƙazafi, kuma masu taya alƙali yanke hukunci idan suka ga mutum yana ba da labarin kisan da bakinsa cikin natsuwa, shari'a ta ƙare. Ƙudurin ya wuce Majalisar Dattawa ba wanda ya ce a'a, gwamna ya sa hannu a 2003, ya fara aiki a 2005. Alaska da Minnesota sun riga Illinois, amma su kotu ce ta tilasta musu. Illinois ce jiha ta farko da majalisarta ta yi da kanta.

Masu fafutuka na iya cewa an rage wa dokar haƙora, kuma gaskiya ne. Wanda ake tuhuma da fashi ko fyaɗe bai samu wannan kariyar ba sai da aka faɗaɗa ta a 2013. A ganina duk da haka cinikin ya yi riba, domin abin da aka sarayar na gefe ne, abin da aka riƙe shi ne ƙashin bayan. Mai son ganin bambancin ya dubi dokar shari'ar laifuka ta Najeriya ta 2015, inda aka rubuta cewa ana iya ɗaukar furucin wanda ake tuhuma a bidiyo, kotuna suka daɗe suna muhawara ko "ana iya" na nufin dole. Wannan salon nasa bai yi nasara ko'ina ba. Dokarsa ta 2004 a kan lafiya ta fara ne da nufin ɗora wa jiha wajibcin samar wa kowa kulawa, kamfanonin inshora suka matsa, ta ƙare a matsayin kwamitin nazari mai ba da shawara. A can an riƙe jigo an saki rassa, a nan jigon aka saki. Hali ɗaya ne ya haifi duka biyun.

Saura maganar 129. A gaban kowane sanatan Illinois akwai maɓalli uku: kore na e, ja na a'a, rawaya na "ina nan". Tunda ƙuduri ba ya wucewa sai ya samu e guda 30 cikin 59, rawaya a aikace a'a ce, sai dai ba a rubuta ta da wannan sunan. Cikin ƙuri'a wajen 4,000 da ya kaɗa, ya danna rawaya sau 129, kuma Hillary Clinton ta yi masa bulala da wannan a takarar 2008. Idan aka warware su, kashi-kashi ne. Da yawa umarnin jam'iyya ne, inda 'yan Dimokurat da dama suka danna tare don nuna fushi a kan kasafi ko tsarin zama. Wasu a kan ƙudurorin taƙaita zubar da ciki ne, kuma reshen jihar na Planned Parenthood, ƙungiyar da ke kare 'yancin zubar da ciki, ya tabbatar da cewa dabara ce da aka tsara da su: idan mai kujera tabbatacciya irin Obama ya danna rawaya, abokinsa mai mazaɓa mai santsi zai samu inuwar fakewa maimakon ya danna kore. Wasu kuma malamin tsarin mulki ne ke cewa manufar ta yi amma rubutun ba zai tsaya a kotu ba. Akwai inda shi kaɗai ya danna rawaya duk zauren suka danna kore. Bayan an cire waɗannan akwai ragowar da ba su da wata fassara sai ta mutum mai hangen gaba, wanda ba ya son wata ƙuri'a a kan laifuka ko bindiga ta zama tallar abokin hamayya. Mai suka da ya ce duka 129 tsoro ne ya yi ƙari. Masoyin da ya ce babu tsoro a ciki ko kaɗan shi ma ya yi.

Abin da ya fi ɗaga shi daga wannan zamanin ma ba a zauren aka yi shi ba. Ranar 2 ga Oktoban 2002 ya yi jawabi a wani gangami a Shikago yana adawa da shirin yaƙin Iraƙi. Sanatan jiha ba shi da ƙuri'a a kan yaƙi, mazaɓarsa kuma dama ba ta son yaƙin, don haka kasadar ba ta kai yadda aka riƙa zuzuta ta ba. Amma bayan shekara biyar, da manyan abokan takararsa suka kasa wanke ƙuri'ar amincewar da suka kaɗa a Washington, wannan jawabin ya fi duk dokokin Springfield amfani gare shi.

A Maris 2004 ya ci zaɓen fid da gwani na kujerar tarayya da kusan kashi 53, bayan attajirin da ke kan gaba, Blair Hull, ya rushe saboda bayanan shari'ar rabuwarsa da matarsa. Ɗan takarar Rifablikan, Jack Ryan (ba tsohon gwamnan ba), shi ma irin wannan ta fitar da shi, aka ɗauko Alan Keyes daga jihar Maryland ya cike gurbi, Obama ya doke shi da kashi 70 da 27. Tallace-tallacensa na wannan takarar cike suke da dokokin wata ashirin ɗin nan: inshorar yara, rangwamen haraji, faifan 'yan sanda. Kirk Dillard, abokin aikinsa na dokar 1998, har fitowa ya yi a tallarsa ta neman shugaban ƙasa a 2007, abin da 'yan jam'iyyarsa suka daɗe suna yi masa gori a kai.

Ya ajiye kujerar mazaɓa ta 13 a Nuwamban 2004, aka naɗa wani lauya ɗan asalin Haiti, Kwame Raoul, ya gaje shi. Obama bai taɓa neman soke hukuncin kisa ba, gyara shi ya nema, yana cewa akwai laifukan da suka cancance shi. Raoul ne ya ɗauki ƙudurin sokewar a Majalisar Dattawa, Gwamna Pat Quinn ya sa masa hannu a Maris 2011.